Kafin Ganau Su Ƙare: Naɗar Bakin Waɗanda Suka Ga Yaƙi Da Danniya A Kano

Duk wanda ya kai shekara 18 a ranar 8 ga Agustan 1950, ranar da mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, in yana raye yau ya haura 90. Saurayin da ya bar gida ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 20, yanzu yana neman 80. Hatta samarin da suka tsallake rijiya da baya a 'Yan Awaki lokacin rikicin Maitatsine sun tara jikoki. Mutanen nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. A yi jana'iza a ƙofar gida, a zauna makoki kwana uku, wani ya ce ai marigayi ya sha gwagwarmaya, kowa ya gyaɗa kai. Amma ka tambayi wace gwagwarmaya, wa ya kama shi, a wace kotu, wa ya ciyar da iyalinsa da yana tsare, sai ka ga 'ya'yan cikinsa suna kallon juna.

Wani zai ce ai an rubuta tarihin nan. An rubuta, gaskiya ne, sai dai a duba hannun da ya riƙe alƙalamin. Abin da ke jibge a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yawancinsa rahoton Razdan ne da na Di'o, da wasiƙun En'e (hukumar mulkin gargajiya), da bayanan kotu. A irin waɗannan takardu ɗan NEPU yana fitowa ne a matsayin mai laifi: ya yi lacca ba izini, ya ci zarafin masu sarauta, an yanke masa ɗauri ko tara ko bulala. Shi ke nan, an rufe fayil. Takardar ba za ta gaya maka yadda 'yan doka suka shigo gidan ba, ko yadda aka lafta masa harajin da ya fi na maƙwabcinsa, ko yadda rumfarsa ta kasuwa ta suɓuce, ko yadda surukai suka taso lallai sai ya saki 'yarsu don ba za su haɗa zuri'a da mai ja da sarki ba. A nan ainihin danniyar take, kuma a bakin mutane kawai ake samun ta. Sunayen da suka tsira a littafi na manya ne: Malam Aminu Kano, Abba Maikwaru, Magaji Dambatta, Mudi Sipikin, Tanko Yakasai, Hajiya Gambo Sawaba. Sun cancanta. Amma tela da mahauci da ɗan koli da suka kwana a gidan yarin Kurmawa, waɗanda ba don su ba da babu jam'iyyar, ko layi ɗaya ba su bari ba.

Ko da aka zo zamanin kwamitocin bincike, abin bai sauya sosai ba. Bayan rikicin Maitatsine na Disambar 1980, kwamitin Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu. Adadi ne mai tayar da hankali, amma ba ya ɗauke da labarin almajirin da aka kawo karatu daga ƙauye ya tsinci kansa cikin abin da bai fahimta ba, ko na magidancin Fagge da ya kwashe iyali ya bar gida a buɗe, ko na maƙwabtan da suka daɗe suna kai kuka kan mutanen Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, kafin wutar ta tashi. A 1999 Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa don ya binciki take haƙƙin jama'a tun daga juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. An kai masa ƙorafi kusan 10,000, ya zauna a Kano a 2001, ya miƙa rahoto a 2002. Kaɗan ƙwarai daga masu ƙorafin aka saurara a bainar jama'a, rahoton kuma gwamnati ba ta fitar da shi ba, ƙungiyoyin farar hula ne suka saka shi a intanet a 2005. Sai ka haɗa wannan da shekarun da aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare. Yaron da bai ji a makaranta ba, bai kuma ji a gida ba, daga bakin ɗan siyasa zai ji, a lokacin zaɓe, an yanke masa gaɓar da ake so ya ji.

Tarihin baka, yadda masana suke nufi, ya wuce a kunna waya a gaban tsoho. Ya kuma sha bamban da shirin rediyon da ake gayyato dattijo ranar tunawa da Malam Aminu, a ba shi minti 30 ya yi yabo ya tafi. Zama ne mai tsawo, wani lokaci a yi ta komawa, ana bin rayuwar mutum tun daga haihuwarsa, da yardarsa, a naɗa, a rubuta, a ajiye inda wani zai zo bayan shekara 50 ya saurara ya kuma gwada da sauran shaidu. A Amurka an fara shi a tsare a Jami'ar Columbia a 1948. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Daga wannan tsohuwa guda ɗaya aka san yadda harin bayi yake ga wadda ke cikin gida, da yadda ake tara kuɗin fansa, da yadda mutanen karkara suka ga zuwan Turawa. Ka auna da Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ko cin Kano a Fabrairun 1903. Waɗanda suka ga waɗannan da idonsu sun rayu har bayan samun 'yancin kai, amma abin da ya iso mana yawanci labarin sarakai da hakimai ne. Wannan asarar an riga an yi ta.

Matsalar da ke gabanmu yanzu ba ta na'ura ba ce, kowa da waya a aljihu. Matsalar ita ce a cikin birnin Kano wanda ya yi dukan da wanda aka daka 'yan unguwa ɗaya ne. Sahu ɗaya suka yi shekaru suna tsayawa a masallaci, ƙila ma jikokinsu sun yi aure. Gungun 'yan dabar nan da aka riƙa kira 'Yan Mahaukata, masu tarwatsa taron 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, a shekarun 1950, ba daga wata ƙasa aka kawo su ba. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta dare biyu, Santsi da Taɓo, rabuwar ta shiga har cikin gidaje, wa da ƙani suka daina ga maciji. Ranar 10 ga Yulin 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, an ƙone gine-ginen gwamnati, an kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Akwai masu rai a garin nan da suka ga abin da ya faru ranar. Don haka in dattijo ya ce maka, "Yaro, a bar kaza cikin gashinta," ko ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kada ka ɗauka tsoro ne kurum. Zumunci yake karewa, kuma da irin wannan kawaicin aka ɗinke ɓarakar da kotu ba ta ɗinke ba. Ina girmama wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hanya biyu ce kawai, ko a tona asirin kowa a kasuwa ko a binne komai tare da mai shi.

Akwai kuma tsoron Allah a cikin shirun, kuma shi ya fi cancanta a amsa. Mutum zai ce an hana mu zagin matattu, kada ya ci naman wani yana dab da kabari. Amma zagi daban, shaida daban. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, na farkonsu kai kukan zalunci. In tsoho ya ga dama ya sakaya suna, ya ce "wani ɗan doka" ko "alƙalin lokacin", labarin bai lalace ba. Abin da ake nema shi ne yadda tsarin ya yi aiki a kan jikin mutum da abincinsa da aurensa, ba a kunyata jikokin kowa ba.

Shekarar da ta fi kowace nauyi a baki ita ce 1966, domin rabin labarinta muke bayarwa. Rabin da muke bayarwa gaskiya ne: an wayi gari an kashe Sardauna a Kaduna, an kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, an kashe manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Tsofaffi suna tuna raɗaɗin, suna tuna izgilin da suka ce an yi musu a kasuwa, suna tuna fargabar da Doka ta 34 ta Janar Ironsi ta jefa a zukata da ta rushe tsarin yankuna a watan Mayu. Rabin da muke haɗiyewa shi ma gaskiya ne: a ƙarshen Mayun an kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa har da Kano, sannan ranar 1 ga Oktoba sojojin Bataliya ta 5 suka yi bore suka buɗe wuta a filin jirgi da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, fararen hula suka shiga ciki. Dubban mutane suka mutu a faɗin Arewa, mata da yara da ma'aikatan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Kano akwai wanda ya ɗauki makami a ranar. Akwai wanda ya tsaya yana kallo. Akwai kuma wanda ya shigar da maƙwabcinsa can cikin gida inda baƙo ba ya shiga, ya sa masa riga da hula, ya fitar da shi cikin dare. Akwai waɗanda suka riƙe wa masu gudu gidajensu, suka tara kuɗin haya suka miƙa musu bayan an gama yaƙi a Janairun 1970. Muna son ba da labarin waɗannan na ƙarshe, kuma ya kamata mu bayar. Amma jarumtarsu ba ta da ma'ana in ba a faɗi daga hannun wa suka ceci mutane ba. A Sabon Gari har yanzu akwai dattawan Ibo da suka gudu suna yara suka dawo, Hausa a bakinsu kamar kowa. Duk aikin tarihin bakan Kano da bai taka ƙofarsu ba, bai cika ba.

Haka zancen yake ga sojojin yaƙin basasa, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Ojukwu. Da yawa an ɗauke su ne cikin gaggawa, aka yi musu horon 'yan makonni aka tura su daga. Waɗanda suka faɗa Runduna ta 2 ƙarƙashin Murtala Muhammad sun ga yadda abokansu suka halaka a Kogin Kwara wajen yunƙurin tsallakawa Anacha, wasu kuma sun tsira daga kwanton ɓaunar Abagana a Maris ɗin 1968. Wannan rundunar ce kuma ta shiga Asaba a Oktoban 1967, inda aka tara ɗaruruwan maza fararen hula aka harbe. Mutanen Asaba sun zauna da wasu malaman jami'a daga Amurka sun naɗi shaidar waɗanda suka tsira. Namu sojojin, da yawansu sun ƙare a gadin masana'antu a Bompai da Sharaɗa, suna bin sawun fansho, babu wanda ya taɓa tambayar su abin da suka gani ko abin da aka sa su yi. Murtala ɗan Kano ne da muke alfahari da shi, kuma ina ganin son da muke yi masa zai iya ɗaukar jin cikakken labari.

To, amma za a iya dogara da tunanin tsoho? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Mutum yana mantuwa, yana haɗa rana biyu ta zama ɗaya, yana ƙara wa kansa gishiri, yana ɗaukar abin da ya ji a rediyo ya mayar da shi abin da ya gani. Garin da ya gaji ilmin hadisi bai kamata wannan ya ruɗe shi ba. Malamanmu sun san tambayar isnadi: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, kun ma haɗu kuwa? Mai naɗar tarihi irin tambayar zai yi, cikin ladabi: "Baba, wannan kai ganau ne ko jiyau?" Shekara kuwa ba a tambayar ta da lamba. A ɗaure ta da abin da kowa ya sani: kafin gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 ne ko bayanta, an yi zuwan Sarauniyar Ingila na 1956 ko ba a yi ba, Sarki Sanusi na Ɗaya yana kan gado ko ya yi murabus a 1963, an yi canjin hannu na 1972, ana kashe fam da sule ko naira ta shigo a 1973. Da haka ake kama bakin zaren.

Kuskuren ma ba abin zubarwa ba ne. Wani masani ɗan Italiya, Alessandro Portelli, ya binciki kisan wani matashin ma'aikacin ƙarfe da 'yan sanda suka harbe a garin Terni a 1949, lokacin zanga-zangar adawa da shiga ƙungiyar NATO. Da ya bi tsofaffin ma'aikata, sai ya tarar da yawansu sun mayar da kisan 1953, shekarar da aka yi musu korar ɗiban karan mahaukaciya daga aiki. Sun yi kuskuren shekara, amma kuskuren ya nuna masa wane ciwo ne ya fi zama a ransu. A nan ma za ka tarar da mai haɗa Mayu da Oktoban 1966, ko mai rantsuwa cewa harsashi ba ya cin mutanen Maitatsine. Kada ka gyara masa, kada ka yi masa dariya. Ka naɗa yadda ya faɗa, domin wannan imanin yana cikin abin da ya sa mutane suka gudu ko suka tsaya. Gwadawa da takarda aikin baya ne, a kan tebur.

Inda muka fi yin sakaci shi ne wajen mata. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, amma sun sha dakan siyasa tun kafin nan. Gambo Sawaba ta sha kamu da ɗauri, har a nan Kano, ita aka sani. Ba a san wadda ta yi wata da watanni tana kai tuwo ƙofar gidan yari ba, ko wadda ta sayar da kwallayenta ta biya tara, ko wadda mijinta ya tafi yaƙin Bama a zamanin Hitila ko yaƙin basasa ba ta sake jin ɗuriyarsa ba, ta rasa ko takaba za ta yi ko jira. Wannan labarin namiji baƙo ba zai same shi daga zaure ba. Sai mace ta shiga ciki ta zauna a kan tabarma. Kuma al'adarmu ta ba mu wata ƙofa da ba kowa ke lura da ita ba: ɗa, musamman na fari, akwai kunya tsakaninsa da iyaye, ba zai iya tambayar uwarsa wasu abubuwa ba, ita ma ba za ta faɗa ba. Jika kuwa abokin wasa ne. Jikanya za ta ce, "Kaka, wai da aka kama mijin naki ina kika ɓuya?" a yi dariya, daga nan magana ta ɓalle. Sai dai mai naɗi ya sani tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, "Malam" za ta ce ko "mai gidan" ko "yaron nan". A tambayi wani a gida a rubuta sunayen a gefe, in ba haka ba nan gaba babu mai gane wa ake nufi.

Zaman kansa yana da ladubbansa. Ka je da hantsi bayan ya karya, domin da yamma ƙofar gida ta 'yan majalisa ce, kuma abin da tsoho zai faɗa a gaban abokansa daban yake da abin da zai faɗa ku biyu. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka bar gaisuwa ta kai inda za ta kai. Wayar a ɗora ta a kan matashi kusa da shi, nesa da fanka da ƙarar janareta, a kashe layin don kada kira ya katse naɗin. Abu na farko da zai shiga shi ne kwanan wata da unguwa da sunanku, da amincewarsa da bakinsa. Kada ka fara da gidan yari. Ka fara da, "Baba, a wace unguwa aka haife ka? Wa ya koya maka ɗinki?" In an iso wurin, kada ka ce masa yaya kuka ji da zaluncin En'e, ka riga ka sa masa magana a baki. Ka ce, "Ranar da suka zo, me kake yi?" Sau da yawa a tsakiyar magana zai ɗaga murya, "Ke, shiga ɗaki ki ɗauko min adakar nan." A ciki, ƙunshe a leda, ga katin jam'iyya mai tauraro da ya yi ja don tsufa, ko takardar sallama daga soja, ko hoto da ruwa ya taɓa gefensa. Ka ɗauki hotonsu a nan take, ka bar masa kayansa. In ya ce, "Kai dai bari, yaro," ya yi shiru, kada ka yi gaggawar cike gurbin da wata tambaya. In an kira salla ku tashi ku yi tare. In hawaye ya zo, ka tsayar da naɗi ka tambaye shi ko a bari. Goro da ɗan alheri al'ada ce, amma kada ya zama ciniki, don wanda aka saya zai faɗi abin da yake zaton kana so. Bayan kwana biyu ka koma ka gaishe shi hannu rabbana, ba waya ba littafi, tunda kai ka tayar masa da abin da ya kwanta.

Bayan naɗi, aikin da ya fi cin rai ya rage. Hirar awa ɗaya tana iya cinye maka yini wajen rubutawa. A rubuta ta da Hausar da aka yi ta, da rantsuwarta da maimaicinta da Hausar bariki in tsohon soja ne, kada a goge ta ta koma Hausar jarida. Fassara ta zo daga baya in ana bukata. Ajiya kuwa, a garin da ƙwacen waya ya zama ruwan dare, barin murya a waya ɗaya ganganci ne, a yi kwafi a wurare daban-daban. Ɗaliban tarihi a manyan makarantunmu sun daɗe suna hira da dattawa don kundin kammala karatu, a jera sunayensu a bayan kundi, muryar kuwa ta bi ruwa. Gidaje da yawa akwai kaset-kaset na laccocin PRP da waƙoƙin siyasa a cikin kwali, zafi da ƙura suna cin su, rikodar da za ta juya su ma tana wuyar samu. Muna da wuraren da suka dace da wannan amana: Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu da yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama, da Arewa House a Kaduna da aka kafa a 1970.

Sai dai duk inda za a ajiye, akwai tambayar da dole a amsa tun farko, kuma ta fi tsanani a kan abin da ya faru kwanan nan. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 hare-haren Boko Haram sun kashe aƙalla mutum 185 a Kano. An tayar da bam a tashar New Road ta Sabon Gari ranar 18 ga Maris ɗin 2013. Ranar 28 ga Nuwambar 2014 an kashe sama da mutum 100 a Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki. Kowa ya san waɗannan ranaku. Abin da ba a tattara ba shi ne rayuwar da ke tsakaninsu: dokar hana fita, sauka daga babur a tura shi a shingen bincike cikin rana, samamen dare, matasan da aka ɗauka iyaye suka bi ofis-ofis suna nema, matan 'yan sandan da aka bari da marayu a bariki, 'yan achaɓar da suka wayi gari ba sana'a a Janairun 2013. Masu wannan labarin suna nan da ƙuruciyarsu da tunaninsu garau, yanzu ne lokacin naɗa. Amma waɗanda za a ambata su ma suna nan, wasu da bindiga a hannu, wasu a kan kujera.

An taɓa ganin yadda irin wannan aiki ke juyewa. Kwalejin Boston a Amurka ta naɗi tsofaffin mayaƙan rikicin Ailan ta Arewa, aka yi musu alkawarin ba mai ji sai bayan ransu. A 2011 'yan sandan Birtaniya suka bi ta kotun Amurka suka nemi faya-fayan, kuma aka ba su wasu. A 2014 har an kama Gerry Adams, jagoran jam'iyyar Sinn Fein a lokacin, an yi masa tambayoyi na kwanaki kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba. Alkawarin da aka yi wa masu magana ya fi ƙarfin masu yin sa. A nan gida haɗarin ma ya fi kusa: ko ba kotu, wani zai yanko daƙiƙa 30 daga hirar awa uku ya saka a TikTok ana jajibirin zaɓe, tsoho ya wayi gari ana zagin sa a unguwa.

Saboda haka nake ganin dole a raba naɗi da watsawa, a ɗauke su aiki biyu daban. Mai labari shi zai zaɓa: a saki yanzu, ko a saki da sakaya sunansa, ko a rufe sai bayan ransa, ko sai bayan shekaru kaza. A karanta masa wannan da Hausa, ya amsa a cikin naɗin ko ya dangwala yatsa, a kuma bar masa damar janyewa. Takardar da ke haɗa sunan gaskiya da muryar da aka sakaya kada ta zauna wuri ɗaya da muryar. In mutum ya fara faɗin abin da zai iya kai shi ko wani mai rai gaban kotu, wajibi ne a tsayar da shi a gaya masa gaskiya cewa babu wanda zai iya ba shi tabbacin hukuma ba za ta taɓa nema ba, sannan ya yanke shawara. Cibiyar da za ta karɓi waɗannan muryoyi ta rubuta ƙa'idarta kafin ta karɓi na farko: wa ke riƙe da makulli, wa ke ba ɗalibi izinin saurare, me za a yi in iyalan mamaci sun nemi kwafi, me za a yi ranar da takarda ta zo daga jami'an tsaro ko daga gidan gwamnati. Amsoshin nan mai naɗi ya tafi da su a bakinsa, ya faɗa wa dattijon tun a gaisuwar farko, kafin a kunna komai.